Danƙon Zuma Da Amanar Mai Sayar Da Magani

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk manomin Mazanya, can bakin iyakar Jibiya da ƙasar Nijar, wanda ya taɓa sauke amya daga bisa itace, ya san wani danƙo mai duhu da ƙudan zuma ke liƙe kafofin gidansa da shi. Larabawa na kiransa ukbur. Ƙudan yakan tattaro shi daga ƙaron itatuwa, ya cuɗa shi da kaki. A dā zubar da shi ake yi, yau kuwa ga shi cikin kwalabe a hannun masu tallar magani, har wasunsu na cewa wai warakar da Alƙur'ani ya ambata ke nan. To, ko wannan magana ta halatta?

Lalle danƙon nan yana da amfani. Malaman kimiyya sun sami sinadarai da dama a cikinsa masu rage zogi da kumburi. A shekarar 1996 wasu masu bincike a Amurka suka nuna cewa ɗaya daga ciki, wanda suke taƙaita sunansa da CAPE, yana tare hanyar da ƙwayoyin jiki ke bi su ta da kumburi. Amma fa galibin gwaje-gwajen a ɗakin bincike da jikin dabbobi aka yi su. Waɗanda aka yi kan mutane ƙanana ne, kamar na gyambon baki da ciwon dasashi. Sa'an nan ƙarfinsa na bin itatuwan da ƙudan ya ziyarta, watau na Turai dabam, na Barazil dabam, na ƙasar Katsina dabam. Wasu mutane ma yakan sa musu ƙaiƙayi da borin jini.

Amma aya ta 69 cikin Suratun Nahli, abin sha ta siffanta, mai fita daga cikkunan ƙudan, shi ne zuma. Danƙo kuwa daga itace aka kwaso shi. Ko a kan zuman kanta, masu tafsiri sun lura cewa kalmar waraka ta zo ne nakira, ba da alif da lam ba, don haka da yawansu suka fahimci ba kowace cuta ake nufi ba. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu shekarar 751 ta Hijira, da ya zo sharhin hadisin mutumin da aka umurta ya shayar da ɗan'uwansa zuma saboda ciwon ciki, ya bayyana cewa magani ba ya aiki sai gwargwadonsa ya dace da cutar.

Wani zai ce, ai talakan bakin iyaka ba ya da kuɗin asibiti, in ya sami sauƙi ina laifi? Babu laifi ga neman sauƙi, domin kuwa Shari'a ta yi umurni da neman magani, kuma bai saɓa wa haƙuri ko tawakkali ba. Laifin yana ga mai sayarwa. Zogi ɗan aike ne, yana sanar da mutum cewa akwai ɓarna a jiki. Wanda aka kwantar wa da zogi, aka ce masa ya warke da yardar aya, zai zauna gida cuta na cinsa, yana tsoron kada zuwa wurin likita ya zama raunin imani. Ran da ciwon ya kayar da shi, in ba a yi sa'a ba har shakkar ayar ta shige shi, alhali ba ayar ce ta yi masa alkawari ba, ɗan kasuwa ne.

Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya shiga aikin magani ba a san shi da saninsa ba, ramuwar ɓarnar da ya yi tana wuyansa. Saboda haka mai sayar da danƙon zuma ya faɗi iyakar abin da aka tabbatar: yana iya rage zogi da kumburi, ba ya maye gurbin binciken likita. In ya tsaya nan, cinikinsa halal ne, har da ladan taimako. In ya ƙara da jingina wa Littafin Allah abin da bai faɗa ba, ya haɗa algus da ƙarya ga Ubangiji.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi. Allah Shi ne Mafi sani.