Uzurin Wanda Ya Sa Hannu Bai Karanta Ba

A watan Yuni na 2016 Lionel Messi ya tsaya gaban alƙalai a birnin Barcelona, ana tuhumarsa shi da mahaifinsa Jorge da danne wa hukumar Sifaniya harajin da ya kai yuro miliyan 4.1 tsakanin 2007 da 2009. Jawabin da ya bayar bai wuce cewa shi ƙwallo ya sani ba, takardu kuwa kawo masa ake yi ya sa hannu, domin ya amince da mahaifinsa da lauyoyinsa. Masoyansa da dama sun karɓi wannan uzuri hannu biyu, har kulob ɗinsa ya yi yekuwa magoya baya su fito su ce dukansu Messi ne. Amma mas'alar da ke ƙarƙashin jawabin ta girmi ƙwallon ƙafa da ƙarnuka, fuƙaha'u sun daɗe suna ɗauki-ba-daɗi a kanta: shin jahilci yana ɗauke wa mutum alhakin abin da aka aikata da sunansa, alhali ribar abin aljihunsa ta faɗa?

Ya kamata a fara sanin yadda aka ƙulla abin. Babban ɗan wasa yana da albashi, wanda kulob ke cire masa haraji tun kafin ya shiga hannunsa, yana kuma da kuɗin talla, watau abin da 'yan kasuwa ke biya don su liƙa sunansa da hotonsa jikin hajarsu. A nan na biyun ake yin dabara. Sai a ce ɗan wasan ya sayar da haƙƙin hotonsa ga wani kamfani da aka yi wa rajista a ƙasar da ba ta karɓar haraji sai ɗan abin da ba a rasa ba, kamar Belize da Uruguay a shari'ar Messi, ko tsibiran Virgin na Birtaniya a ta Cristiano Ronaldo; kuɗin su biyo ta wasu kamfanoni a Turai su sauka can, mai su kuma ya cika takardar harajinsa kamar bai san da zamansu ba. Ronaldo ya amsa laifi a Madrid a Janairun 2019, ya yarda ya biya kusan yuro miliyan 19. Samuel Eto'o na Kamaru shi ma ya amsa a 2022 a kan yuro miliyan 3.8, yana mai cewa yaro ne shi a lokacin, kuma wakilin da ya ɗauka tamkar uba shi ya shirya kome.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin zakka zai ji wannan tsari bai yi masa baƙunta ba. Malamai sun ambaci mutumin da, in shekara ta kusa zagayowa a kan dukiyarsa, sai ya yi wa matarsa kyautar ta, bayan 'yan kwanaki ta mayar masa, don a ce nisabi bai shekara a hannunsa ba. An kuma hana makiyaya raba garke ko haɗa shi don gudun abin da mai karɓar zakka zai ɗauka. Imamu Buhari ya keɓe littafi guda cikin Sahihinsa a kan irin waɗannan hiloli, mazhabar Malikiyya kuwa ta tsananta wajen toshe su, bisa hujjar cewa ana duba manufar ƙulli ne, ba zanen da aka yi masa a takarda ba. Lalle haraji ba zakka ba ne, kuma mafi yawan 'yan wasan nan ba Musulmi ba ne balle a auna su da hukuncin ibada. Abin da ya haɗa su shi ne surar aikin: dukiya tana nan hannun mai ita, yana ci yana sha daga cikinta, amma an rataya mata sunan wani don kada haƙƙin jama'a ya hau kanta.

To, mu koma ga uzurin. Ba zan ɓoye ba, akwai abin tausayi cikin lamarin Messi, domin yaron da aka ɗauko daga Rosario ta Ajantina yana da shekara 13, aka rene shi tsakanin fili da ɗakin kwana, ba a koya masa kome ba face abin da ƙafarsa ta iya, ba abin mamaki ba ne in ya girma yana ganin takarda aikin manya ce. Amincewa da mahaifi kuma ɗabi'a ce abar yabo a kowace al'umma. Hasali ma mai gabatar da ƙara na gwamnati bai nemi a hukunta shi ba, uban kaɗai ya nema. Lauyoyin da ke wakiltar baitulmali su ne suka dage sai an haɗa da ɗan. Saboda haka ko masana dokar ƙasar kansu bai haɗu ba.

Duk da haka ina ganin alƙalan sun yi daidai da suka ƙi uzurin, kuma dalilinsu ya yi kusa ƙwarai da abin da Imamu Ƙarafi, malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1285, ya tsara cikin littafinsa Alfuruƙ. Ya raba jahilci gida biyu: wanda bisa al'ada mutum ba ya iya kauce masa, kamar mai shan ruwan da bai san najasa ta faɗa ciki ba, wannan an yafe, da wanda kauce masa ba shi da wuya, tambaya kawai yake bukata, wannan ba a yafe ba. Kotun Barcelona ta ce na Messi irin na biyun ne, jahilci ne da mai shi ya zaɓa da gangan, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da ɗaurin wata 21 a Mayun 2017. Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu, gaskiya ne. Amma mutumin da fitila ke hannunsa ya ƙi kunnawa, don ya fahimci abin da zai gani ba zai yi masa daɗi ba, ba shi da bakin kuka da duhu. Baligi mai hankali da ya ga miliyoyi na shigowa shekara bayan shekara, bai taɓa ce wa uban, “Baba, shin an fitar wa hukuma nata?” ba, shirunsa kansa aiki ne.

Abin da ya ƙara ƙarfafa mini wannan ra'ayi shi ne hukuncin wakilci. Mutum yana da ikon ya wakilta wani ya saya masa, ya sayar masa, ya riƙe masa lissafi, amma aikin wakili ga wanda ya wakilta shi yake komawa, da ribarsa da asararsa. Ba a taɓa jin ɗan wasan da ya mayar da kuɗin talla yana cewa bai karanta yarjejeniyar da ta kawo su ba. Sa hannun da ya isa ya mallaka masa dukiya, shi ne dai ya isa ya ɗora masa nauyinta. Ba ya yiwuwa hannu guda ya zama hujja ranar karɓa, ya koma wasan yara ranar biya. An ruwaito cewa Sayyadina Umar ya hana wanda bai san hukuncin ciniki ba ya kasa haja a kasuwar Musulmi, kuma hikimar a fili take, domin wanda ya shiga mu'amala ya ɗauki wajibcin sanin ta tun daga bakin ƙofa.

Sai dai fa tuhuma ba hukunci ba ce. Xabi Alonso, ɗan wasan da shi ma aka tuhuma da danne haraji, ya ƙi yin sulhu da masu ƙara, ya tsaya aka yi shari'a, aka wanke shi a 2019, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2023, saboda an gamsu kamfanin da ya miƙa wa haƙƙin hotonsa yana aiki na haƙiƙa. Wannan ya isa ya hana mu yi wa kowa kuɗin goro.

Akwai wani ɓangare da ya fi damuna, wanda hayaniyar 'yan kallo ta binne. Messi bai kwana kurkuku ba, an musanya ɗaurinsa da tarar da ta ɗara yuro dubu 250 kaɗan, wannan kuwa al'adar dokar Sifaniya ce ga mai laifin farko in ɗaurin bai wuce shekara biyu ba. Amma masanan da suka zana taswirar kamfanonin nan, waɗanda ba za su iya cewa ba su karanta ba tun da su suka rubuta, ko gaban alƙali ba a kai su ba a wannan shari'a, har Kotun Ƙoli ta nuna mamakinta a kan haka cikin hukuncinta. In an ƙi uzurin wanda ya ƙi sani, kuma daidai ne a ƙi shi, to, da wace hujja aka bar wanda ya sani sarai, ya karɓi lada a kan saninsa, ya koma ofishinsa yana jiran wani yaron da za a kawo masa?