Ajiya Daban, Ɓoye Kaya Daban

Juma'ar da ta wuce wasu 'yan kasuwarmu sun tare Liman a ƙofar masallaci da tambaya: shin duk wanda ya zuba masara a sito lokacin kaka ya zama mai laifi ke nan? Ya ce mu kawo amsar a nan.

Abin da aka hana shi ne ihtikari. Muslim ya ruwaito daga Ma'amar ɗan Abdullahi cewa Annabi (SAW) ya kira mai yin sa mai saɓo. Amma manomin da ya adana amfanin gonarsa, ko magidancin da ya tanadi abincin iyalinsa, babu komai a kansu. A mazhabarmu ta Malikiyya ma'aunin shi ne cutar da jama'a, kuma bai tsaya kan hatsi kaɗai ba.

Wanda ya saya da kaka, kaya na zube, ya fito da su da damina, ai taimako ma ya yi: ya hana farashi karyewa a hannun manomi, ya kawo abinci lokacin da rumbu ya kwashe. Ɓarnar tana farawa ne idan mutum biyar ko shida suka haɗa baki suka share kasuwa, suka garƙame sito alhali mutane na nema. Mudun da ke tashi a lokacin ba fari ne ya tashe shi ba, makulli ne.

Mun ga misali a 2023, da cuta ta cinye citta a Kachia da Jaba da Kagarko. Wanda ya riƙe iri sai ya ninka kuɗi, ya yi zaton riba ya ci. To manomin da ya kasa sayen iri bai shuka ba, masu yankan citta da direbobi da 'yan dako suka rasa aiki, shi kansa ɗan kasuwar me zai saya da kaka mai zuwa? Manoman nan maƙwabtanmu ne, Musulmi da Kirista, haƙƙin maƙwabtaka bai ware kowa ba.

Kuma malamai sun yarda hukuma ta tilasta fito da kaya idan ana cikin matsi. A Fabrairun 2024 an rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau ta Kano kan zargin haka. Mu dai a nan Kafanchan bai kamata mu jira sai an zo mana da kwaɗo ba.

Liman zai zauna da masu sito ranar Lahadi bayan La'asar. Don Allah kowa ya zo da kansa, kada a aiko yaro.