Kawu da Safar Masu Gyaran Kifi

A garin Stromness, cikin tsibiran Orkney da ke arewacin Sikotilan, an yi wani dattijo da ya ƙare ƙuruciyarsa yana nutso a teku, yana tsinto ƙumba da hannu yana kai wa gidajen abinci. Da girma ya fara kama shi sai ya sassauta wa wannan sana'a, ya koma raka baƙin da ke zuwa kallon jiragen yaƙin Jamus da ke kwance a ƙasan ruwan Scapa Flow. Masu jiragen ne suka nutsar da su da hannunsu. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Birtaniya ta tsare jirage 74 na rundunar ruwan Jamus a wurin, ana jiran a ga yadda sulhu zai kaya. Ranar 21 ga Yuni, 1919, kwamandansu Ludwig von Reuter ya ba da umarnin a buɗe wa ruwa hanya don kada a rabe su ganima, guda 52 suka nutse a yini ɗaya. An ɗago yawancinsu daga baya an sayar da ƙarfen, amma manya guda 7 na nan har yau.

Wata shekara cikin watan Afrilu, lokacin da ruwan wurin bai wuce digiri 7 ko 8 ba, ɗan ƙanwarsa ya zo masa daga Landan. Saurayi ne mai albashi da son kayan yayi. A Bahar Maliya ta Masar ya koyi nutso, inda ruwa ke da ɗumin da mutum zai shiga hannu tsirara, daga baya ya yi kwas ɗin busasshiyar riga. Ita wannan riga tana rufe mutum daga wuya har ƙafa, ruwa ba ya taɓa fatarsa. Akwai roba mai kama wuya, akwai wata a kowane wuyan hannu, ga bawul a ƙirji da ke tura iska daga silinda zuwa cikin rigar, ga wani a dantsen hagu mai fitar da ita. Ban da kai, hannu ne kaɗai ke saura a waje. Wasu sukan sa masa safa mai kauri milimita 5 ko 7 wadda ruwa ke shiga jiki ya ɗumama shi. Wasu kuma sukan sa busasshiyar safa, wadda ake haɗawa da hannun riga ta wasu zobba masu datsewa, ruwa ba ya shiga ko ɗigo.

Irin ta biyun saurayin ya sayo. Da daddare ya buɗe akwati a kan teburin kicin, ya zaro wata baƙar safa mai sheƙi, ya zura hannu da ƙyar, ya miƙe yatsu.

"Kawu, duba nan. Ta zauna ɗas. Ko allura zan iya tsinta da ita."

Dattijo ya kama bakin yatsan safar ya ja, bai sami abin kamawa ba.

"To ina iska za ta zauna?"

"Wace iska kuma?"

"Wadda za ta hana ka jin sanyi. Roba ba ta ɗumama kowa, yaro. Aikinta ɗaya ne, ta tsare ruwa a waje. Safar ulun da ke ciki ita ke riƙe iska, iskar kuma ita ke riƙe ɗumi. Ina taka safar cikin?"

Saurayi ya nuna masa wata siririyar safar auduga. Ya ce mai kauri ba ta shiga.

Kawu bai ce komai a kan wannan ba. Ya tashi ya ɗauko guntun bututun roba mai laushi, tsawonsa bai fi yatsa ba, ya ce gobe ya zura shi a ƙarƙashin robar wuyan hannu, rabi a cikin riga, rabi a cikin safa, don iska ta sami hanyar wucewa. Saurayi ya yi dariya.

"Haba Kawu! Na kashe kuɗi don robar nan ta toshe, kai kuma ka ce in buɗe mata ƙofa?"

"Shi ke nan. Gobe Karlsruhe za mu, kuma ba za ka yi nisa da ni ba."

Da gangan ya zaɓi Karlsruhe. A cikin bakwai ɗin ita ce mafi kusa da sama, tana kwance a zurfin mita 25, ba kamar Markgraf ba da ke can mita 45. Suka bi igiya suna gangarawa cikin koren ruwa. Wanda duk ya yi kwas ya san lissafin, saurayin ma ya ci jarrabawarsa: a mita 10 matsin da ke kan mutum ya ninka na tudu sau biyu, a mita 20 sau uku, iskar da ke rufe kuma tana ƙanƙancewa daidai da haka. Yana latsa bawul ɗin ƙirji, rigar tana saki, jiki na samun sarari. Amma robar wuyan hannu ta yi aikin da aka saye ta dominsa, ko kaɗan iska ba ta tsallaka zuwa cikin safa ba. A mita 10 ya ji ta ɗan ɗaure shi. Kafin su taka gindin jirgin, 'yar iskar da ke ciki ta koma ƙasa da sulusi, safar ta lafe a hannunsa kamar ledar da aka zuƙe iskar cikinta.

Da farko kallo ya ɗauke masa hankali. Ga bakin igwa, ga faranten ƙarfe da tsatsa ta ci sun zama gidan kifi. Sai yatsu suka fara zafi, daga nan suka yi nauyi, daga nan ya daina jin su. Ruwa ya fi iska saurin janye zafi daga jiki kusan sau 25, yanzu kuwa tsakanin fatarsa da ruwan babu komai sai siririyar roba da matsattsiyar audugar da gumi ya jiƙa. Ga shi jiki in ya ji sanyi yakan tsuke jijiyoyin hannu da ƙafa ya tattara jini wajen ƙirji, matsin safar kuma ya ƙara tare ɗan jinin da ya rage.

Kawu ya lura da yadda yake riƙe tocila da tafin hannu biyu. Ya yi masa alamar a tashi, ya nuna masa balan-balan ɗin da ake sakewa sama don matuƙin jirgi ya san inda suke. Tana rataye a ƙugunsa da maƙalin ƙarfe mai ɗan maɓallin da ake ja da babban yatsa. Saurayi ya ɗora yatsa a kai, yana kallonsa da idonsa, yana ba shi umarni, yatsa ya ƙi motsi. Ya sake gwadawa maƙalin ya suɓuce. Numfashinsa ya fara sauri, kumfa na tashi babu tsayawa. Dattijo ya matso, ya dafa kafaɗarsa har ya natsu, ya ɓalle maƙalin da kansa, ya hura balan-balan ya sake ta, zaren ƙwarƙwaro na warwarewa. Suka tashi a hankali, suka tsaya minti 3 a mita 5 yadda ƙa'ida ta ce, hannun Kawu na riƙe da ɗamararsa.

A kan jirgi wani ne ya cire masa safar. Saƙar audugar ta bar zanenta a bayan hannunsa, yatsun sun yi fari fat. Ko kofin shayi ya kasa riƙewa. Da jini ya fara komawa, zafin da ya ji sai da ya sa shi durƙusawa. Kawu ya hana a zuba masa ruwan zafi, ya ce ya cusa hannuwan a hammatarsa ya yi haƙuri.

"Wanda bai ji bari ba ya ji hoho," in ji matuƙin jirgi. Kawu ya harare shi, ya yi shiru.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Sai dai mutumin da ya sha wuya a gefe ɗaya yakan ruga ɗaya gefen da gudu. Da yamma saurayi ya fita shi kaɗai, ya sayo safa mafi girma da ya samu, ya jera safar ulu biyu a ciki. Robar wuyan hannunsa irin wadda ake cirewa a mayar ce, sai ya zare ta gaba ɗaya ya jefa a akwati, wai tunda ita ta hana iska wucewa, ta huta. Bai gaya wa kowa ba.

Washegari Kawu ya ce yau babu zurfi. Ya kai shi shingayen Churchill, waɗanda aka gina don toshe mashigan gabas bayan jirgin ƙarƙashin ruwan Jamus U-47 ya kutso ya nutsar da jirgin yaƙin Birtaniya Royal Oak a watan Oktoba na 1939. A gefensu akwai tsofaffin jiragen da aka nutsar da gangan don su tare hanya, ruwan wurin ba shi da zurfi, daga gaɓa ake shiga. Hannu dai ya ji ɗumi, wannan gaskiya ne. Amma yatsun safar sun zarce nasa, bakinsu na reto fayau, duk abin da ya kai wa hannu sai ya kama iska. Yana laluben wani faranti, bakin yatsa ɗaya ya maƙale a tsinin ƙarfe. Ya fizga. Ramin bai kai ƙwayar gero ba, amma ya ji sanyi ya cika tafinsa, ya haura gwiwar hannu, ya isa hammata, ya gangara ƙirji. Babu abin da zai tsayar da shi. An gudu ba a tsira ba.

Da suka fito gaɓa Kawu ya zuge masa zif, ruwa ya kwararo daga hannun rigar. Ya duba, bai ga roba ba. A nan ne kaɗai ransa ya ɓaci.

"Yau mita nawa muka shiga? Ka fito kana rawar ɗari, za ka sha shayi ka warke. Da a Markgraf ne fa, kana da tsayuwar dole a hanya kafin a yarda ka fito, ruwan nan na kwance a ƙirjinka? Akwai masu cire ta, na sani, sun auna sun zaɓa. Kai ba ka auna komai ba, haushi ne ya cire maka ita."

Saurayi ya sunkuyar da kai. "To Kawu, wace zan saya?"

"Yanzu ka yi tambaya."

Bai kai shi shagon kayan nutso ba. Wajen masu sayar wa masunta kayan aiki suka je, inda aka jibge shuɗiyar safar da masu gyaran kifi ke sawa, irin wadda kamfanoni kamar Showa na Japan ke yi, kuɗinta fam kaɗan. Zobban da ya zo da su daga Landan, Kawu ya ce masu kyau ne, a bar su, su ne abin da ya cancanci kuɗi. Safar kuwa abin ƙarewa ce, kowace iri sai ta huje wata rana. Ta roba zalla ta fi laushi da sakin yatsa, amma mai da rana na cin ta, wasu kuma fatarsu ba ta shiri da ita. Ta PVC ta fi jure wuya, sai dai takan yi tauri in sanyi ya yi yawa. Ta nitiril tana tsakani, ba ta saurin hujewa. Ga mai laluben tsatsa, shi dai ɗaya daga biyun ƙarshe zai ɗauka.

Sai ya sa shi ya fara da ciki. Safar ulu ɗaya tak mai kauri, wadda ko ta jiƙe ba ta rasa ɗuminta duka, sannan aka nemo shuɗiyar da za ta hau kanta. Ta farko ta matse, da ya dunƙule hannu sai ya ji tana ja a gaɓoɓi. Ta biyu ta bar ɗan sarari a bakin yatsu, daidai abin da farce zai kama, ba ya kai a lanƙwasa. Kawu ya zaro maƙali daga aljihu.

"Rufe ido. Ɓalle. Mayar. Sake."

Ya sa shi ya murɗa bawul, ya ɗaure zare, ya zauna da safar a hannu minti 10 a ga ko yatsa zai yi sanyi don rashin jini. A gida suka ɗora ta a zobe, suka mayar da robar wuyan hannu, suka hura safar suka danna ta cikin bokiti suna duban kumfa. Ya nuna masa siririn zoben robar da ke tsakanin zobba biyun, ya ce gashi ɗaya ko bakin safar ulu in ya gitta a kansa ya isa ya shigo da ruwa, don haka a shafa shi da yatsa kafin a datse. Ya sa shi ya yanke farce. A ƙarshe ya miƙa masa guntun bututun nan, saurayi ya karɓa da hannu biyu.

Kwana biyu bayan haka suka sauka kan Cöln, ita ma cikin bakwai ɗin nan, wadda ke kwance a gefenta a mita 36. Yana gangarawa yana latsa bawul, lokaci-lokaci ya ɗaga hannu sama da kafaɗa, sai ya ji iska ta bi bututu ta shiga safa, ulun ya saki. Da lokacin tashi ya yi, da kansa ya ɓalle maƙali ya saki balan-balan.

Ana gobe zai koma Landan, shuɗiyar safar ma ta huje a kan wani ƙarfe. Tafinsa ya jiƙe, ɗan ruwa ya biyo bututun ya taɓa bakin rigar ciki, sauran robar wuyan hannu ta tare shi. Ya yi wa Kawu alama suka tashi a natse. A kan jirgi ya zaro wata shuɗiyar safar da busasshiyar ta ulu daga jakarsa, ya ɗora a zobe kafin shayinsa ya huce, da rana ta karkata kuma suka sake shiga ruwa.