Wa Ke Riƙe da Igiyar?

Ɗan'uwa mai karatu, ko kana Urafan, ko kana wani ƙauye tsakanin Tasawa da Mayayi, ga tambaya gare ka. Ran da yaronka ya kwana da zazzaɓi, mujiya kuma ta yi kuka bisa ɗaki, maƙwabci ya ce sammu ne, ina zuciyarka take gudu?

Akwai masu zuwa sujada kowace Lahadi, amma laya tana ɗaure a ƙugun yaro, guru yana ɓoye a ƙarƙashin gado. In ka tambaye su, sai su ce, "Ai don ko ta kwana ne." A ganinsu Allah da iskoki kamar 'yan kokawa biyu ne, ba a san wanda zai yi kaye ba. Ko haka ne?

Duba Littafin Ayuba, sura 1 da 2. Shaiɗan bai iya taɓa ko tunkiya ɗaya ta Ayuba ba sai da izini. Da fari Allah ya hana shi taɓa jikin Ayuba. Daga baya ya hana shi ɗaukar ransa. Ka san mugun sa da aka ɗaure a turke. Yana huci, yana tonon ƙasa, yana iya tunkuyin wanda ya matso kusa. Amma iyakarsa tsawon igiya, igiyar kuwa tana hannun mai shi. Haka Mugun yake a gaban Allah.

Duba kuma Markus, sura 4 da 5. Hadiri ya taso wa almajirai a teku, Yesu ya tsawata masa, ya kwanta. Da suka haye, ga wani mutum mai zama cikin kaburbura, yana tsinke sarƙoƙi, yana yanke jikinsa da duwatsu. Aljanun da ke cikinsa ma roƙon Yesu suka yi kafin su shiga garken aladu wajen 2,000. Mutanen gari suka iske mutumin a zaune, saye da tufafi, cikin hankalinsa. Wanda ya kwantar da hadirin teku, shi ne ya kwantar da na zuciya.

Watakila ka ce, "To, yaya aka yi masu bi ma suka sha wuya a farin 1973 da na 1984? Yaya fara ta cinye gonaki a 2004, yunwa ta biyo a 2005?" Tambayarka tana kan hanya. Allah bai yi alkawari wahala za ta tsallake gidanmu ba. Ɗansa ma ya sha gicciye. Can mugunta ta yi iyakar ƙarfinta, a rana ta uku kuwa kabari ya zama wofi. Saboda haka wahala tana iya zuwa, amma ba ta da ikon raba ka da Ubangiji.

Ka tuna da kuturta. Dā akan ce jifa ce ko la'ana, a ware mai ita bayan gari. A 1873 wani likita a Norwe mai suna Hansen ya gano ƙwayar cutar. A 1956 mishan ta SIM ta buɗe asibitin kutare a Danja kusa da Maraɗi. Yau cutar tana warkewa da magani. Abin da aka ɗora wa iskoki, ashe ƙwayar cuta ce. Kai mara lafiya wurin likita ba rashin bangaskiya ba ne, gama Allah ne ya ba da magani.

To, me za ka yi? Ka kira dattawan ikilisiya, ku kunce layar nan tare, kamar yadda mutanen Afisa suka ƙone littattafansu na sihiri a Ayyukan Manzanni 19. Kada ka ɗora wa tsohuwa maita don yaro ya yi ciwo, wannan zunubi ne. In fushi ko tsoro ko tsohon laifi ya hana ka barci, kada ka ɓoye. Faɗa wa Allah, faɗa wa fasto ko wani ɗan'uwa amintacce. Da dare ka tara iyalinka, ku karanta Zabura 46, ku yi addu'a da sunan Yesu Almasihu.

Tsoro yana iya komowa gobe. In ya komo, sai ka tuna wanda ke riƙe da igiyar, ka sāke ba shi zuciyarka, ka kwanta da salama.