Haƙƙin Jariri da Haƙƙin Kyanwa

Da zarar jariri ya fara tari ko ƙaiƙayin fata, kyanwar gida muke fara tuhuma. Tun kafin a ga likita an yanke hukunci: a sa ta a buhu, a jefar bayan gari. Shin adalci ne?

Babu musu, lafiyar yaro ce gaba. Wasu yaran jikinsu ba ya jituwa da wani sinadari da ke cikin yawun kyanwa da fatarta, wanda kan yi watanni a katifa da labule ko bayan ta tafi. Amma ba ita kaɗai ke tayar da asma ba. Akwai hayaƙin itace, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, kyankyasai da ƙurar hunturu. Wani bincike da aka wallafa a 2015 kan yaran ƙasar Siwidin ma ya nuna waɗanda suka taso da kare a gida sun ɗan fi sauran tsira daga asma.

A aikin manhajar kwamfuta, idan matsala ta ɓullo, ɗaya bayan ɗaya muke gwada dalilai. Zato ba hujja ba ne. Mu hana kyanwar shiga ɗakin kwana, mu rage hayaƙi, mu kai yaron asibiti.

Idan likita ya tabbatar ita ce, rabuwa ta zama dole, amma amana ba ta faɗi ba. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare da yunwa. Dabbar da muka sabar wa kwanonmu, mu nema mata wani gidan, kada mu bar wa titi.