Shin Rashin Mutuwa Alheri Ne?

Tun zamanin da, ɗan Adam yake kwaɗayin dawwama, yana kallon ajali tamkar abokin gaba. To, amma masu bincike sun tono wani al'amari a cikin jikinsa wanda ya cancanci a tsaya a yi tunani.

Jikin mutum ƙwayoyin halitta ne, masu rabuwa gida biyu domin su yawaita. A bakin kowane zaren gado da ke cikinsu akwai wani abu mai suna telomiya, kamar ƙullin da akan yi wa bakin igiya don kada ta warware. Kowace rabuwa sai ya ɗan gajarce. A 1961 Leonard Hayflick ya nuna cewa lafiyayyar ƙwaya takan rabu wajen sau 50, sa'an nan ta tsaya.

Akwai kuwa waɗanda suka ƙetare wannan wa'adi. A 1951, a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, an ɗebi ƙwayoyi daga sankarar bakin mahaifar Henrietta Lacks ba da saninta ba. Ta rasu a shekarar tana da shekara 31, amma ƙwayoyin nan, da aka raɗa wa suna HeLa, suna ta rabuwa har yau. Asirin shi ne sinadarin telomaras, wanda Carol Greider da Elizabeth Blackburn suka gano a 1984. Aikinsa mayar da tsawon telomiya duk lokacin da ya ragu. Wajen kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na cututtukan sankara da shi suke dogara. Galibin saura kuwa kwafo abin da ya ragu suke yi daga wani zaren.

Wani zai ce, ai da HeLa aka taimaka wajen gwajin rigakafin shan inna, kuma ƙwayoyin da ke samar da maniyyi da jini su ma suna da telomaras. Gaskiya ne. Sai dai nasu bisa gwargwado yake, domin amfanin jiki da zuriya. Ita kuwa ƙwayar sankara ta ƙi iyaka, ta handame abincin 'yan'uwanta, har ta hallaka jikin da ke ɗauke da ita.

Ashe ajalin ƙwaya rahama ne ga jiki. Haka al'umma take: mai mulki ko mai dukiya da ya manta yana da iyaka, sankara ya zame wa jama'arsa. HeLa ɗin ma, ran da aka daina ciyar da ita za ta mutu. Dawwama ta gaskiya ta Allah ce Shi kaɗai. Allah Ya sa a yi kyakkyawan ƙarshe, amin.