Raɓa Ba Ta Bushe Ba Ka Saki Tumaki

Zo nan, ɗana, zauna. Jiya na ga ka kwance tumaki tun da sassafe, raɓa na kwance a kan ciyawa, ka kora su fadama. Ban yi magana a gaban ƙannenka ba. Da yamma na kama tunkiyar nan mai baƙin kunne, na ja fatar idonta ƙasa, sai na ga fari fat, babu alamar jini. Ƙarƙashin haɓarta ma ya fara tara ruwa. Tsutsar ciki ce ke shan jininta, wadda likitocin dabbobi ke kira Haemonchus.

Ka san macen tsutsar guda ɗaya tana iya zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana? Ƙwan yana fita cikin kashi. Idan akwai ɗumi da laima, cikin mako guda ya zama 'yar tsutsa mai jiran a haɗiye ta. A wannan mataki ba ta cin komai, guzurin jikinta kawai take ƙonawa, tana lulluɓe da wata 'yar riga. Zafi yana ƙarar mata da guzuri da wuri, bushewa kuma ta kashe ta. Shi ya sa take bin danshin raɓa ta hau ganyen ciyawa, ƙasa-ƙasa inda tunkiya ke datsa, in rana ta take kuma ta koma gindi. Kai kuwa sai ka kai mata bakin dabba daidai lokacin da take sama.

Na ji ka ce wa mahaifiyarka iskar hunturu da zafin bazara sun share makiyaya, don haka ba sai an sayi magani ba. Rabin gaskiya ka faɗa. A tudu tsutsotsin sun mutu, amma fadama ba ta bushewa. Abin da ya fi wannan, waɗanda dabba ta haɗiye a ƙarshen damina sukan lafe a bangon tumbi, su daina girma, su yi ta barci har rani ya wuce. Likitocin dabbobi a Zariya sun nuna haka a tumakinmu tun shekarun 1970. Da damina ta matso sai su farka gaba ɗaya, daidai lokacin da tunkiya ta rame da wahalar rani, wata ma ga goyo.

Ba na so kuma ka je kasuwa ka sayo ƙwaya ɗaya ka raba wa uku. Rabin magani raunana yake kashewa, ya bar maka masu taurin kai su hayayyafa. A kimanta nauyin kowace a ba ta rabonta cikakke, kuma a tambayi malamin dabbobi kafin a bai wa mai ƙaramin ciki maganin tsutsa na albendazole.

Gobe ka bari hantsi ya ɗaga. Kafin nan ka zuba musu harawa a cikin kwando, ka share turken, ka kwashe takin zuwa gona. Ita kuwa mai baƙin kunnen ka bar ta gida, ni zan kai ta wurin malamin dabbobi.